In injin jirgi ya daina fitsari

Ƴan uwa masunta da masu jiragen fito, wannan magana taku ce. Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550, daga iyakar Mali har ya wuce Gaya. Jirage masu inji suna da yawa a cikinsa, haka ma a tafkin Cadi. Su ke ɗaukar kifi, da albasa, da buhunan shinkafa, da ƴan kasuwa. Inji kuwa yana da tsada. Wani sai ya yi shekaru yana tara kuɗi kafin ya saye shi. Amma zafi na iya kashe shi cikin ƴan mintoci. Sau da yawa mafarin zafin wata ƴar roba ce wadda ba ta kai tafin hannu ba.

Yaya inji ke shan ruwa?

Mota tana da tankin ruwanta. Injin da ake ratayawa bayan jirgi ba shi da shi. Ruwan kogi yake sha. Ku duba ƙafar injin, kusa da farfela, za ku ga ƴan ƙananan ramuka dama da hagu. Ta nan ruwa ke shiga. Bisa ramukan, cikin ƙafar, akwai famfo. Cikin famfon akwai roba mai fukafukai, galibi guda 6. Makanikai na ce mata turbin. Dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi ga farfela shi ke juya ta. In ta juya, sai ta tura ruwa cikin bututu zuwa kan inji. Ruwan ya zagaya, ya kwashe zafi, ya koma kogi.

Kaɗan daga cikin ruwan yana fitowa ta wata ƴar kafa a bayan inji, siriri. Shi ne mutane ke kira fitsarin inji. Masu ƙera inji ba don ado suka yi shi ba. Sun yi shi don direba ya gani da idonsa famfo na aiki. In kun tada inji, ku dubi fitsarin kafin ku kwance igiya. Kuna cikin tafiya ma ku riƙa waiwayawa.

In fitsarin ya tsaya ko ya rage ƙarfi

Ku kashe inji nan take. Kada ku ce bari mu ƙarasa gaɓa. Wannan ƴar ƙarasawar ita ke sa fistan ya kumbura ya kafe, sai a sauke inji baki ɗaya. Gara a kai jirgi gaɓa da filafili da gora, ko da fasinja za su yi gunaguni. Don haka kada jirgi ya tashi ba filafili a ciki. Sauran alamun zafi su ne tururi, da warin fentin da ya ƙone, da inji ya rage gudu don kansa. Kada ku watsa ruwan sanyi bisa kan inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Ku bar shi ya huce.

Sa'an nan ku fara bincike daga abu mai sauƙi. Ku ɗaga ƙafar inji ku duba ramukan shan ruwa. Leda, ko ciyawar burgu, ko kainuwa na iya liƙe su. Leda ta fi mugunta, don wani lokaci da an kashe inji sai ta saki ta tafi, mutum ya duba bai ga komi ba. In ramukan a buɗe suke, ku zura tsinke ko zaren fatsa mai kauri cikin kafar fitsarin. Yashi kan toshe ta. Zanzaro ma kan gina ɗakinsa a ciki in inji ya daɗe a ajiye.

Ku duba lodi kuma. In kaya sun yi yawa a gaba, bayan jirgi sai ya ɗaga, ramukan su fito daga ruwa, famfo ya riƙa shan iska. Ku tuna da mai: inji mai gauraye, in man inji ya yi kaɗan cikin fetur, zai yi zafi ko da ruwa na zuwa. Injuna da yawa rabin lita na man inji suke so cikin lita 25 na fetur, amma ku bi abin da littafin injinku ya ce.

In duk wannan lafiya, to, a buɗe famfo.

Me ke cinye robar?

Abu biyu. Na farko yashi. Da damina, wajen Agusta da Satumba, kogi na kawo jan ruwa mai laka. Da bazara kuma, Mayu da Yuni, ruwa ya janye, ƙafar inji na shara ƙasa. Dattawan Yamai ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin ya tsaya cik. Ko bai kai haka ba, kowace bazara yashi na shiga famfo yana goge robar kamar dutsen niƙa.

Na biyu, tada inji a tudu. Wasu kan ja igiya a gaɓa don su ji ƙararsa, ko su nuna wa mai saye. Wannan ɓarna ce. Ruwa ne ke sanyaya robar, shi ke sa ta santsi. In babu ruwa, ba ta kai minti guda sai ta ƙone.

Yadda ake canza ta

Wanda ke da haƙuri zai iya. Ku shimfiɗa tabarma ko buhu, kada ƙananan ƙarafa su ɓace cikin rairayi. Ku cire hular buji, don kada inji ya tashi hannunku na kusa da farfela. Ku raba ƙarfen giya, wato siririn ƙarfen da ke sa gaba da baya. Sa'an nan ku kwance notocin da ke riƙe da ƙafar. In ta ƙi saukowa, kada ku buga da guduma. Ku sake dubawa, a wasu injuna akwai noti guda a ɓoye ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke bisa farfela.

In ƙafa ta sauko, za ku ga gidan famfo, dogon ƙarfen ya ratsa tsakiyarsa. Ku kwance notocinsa, ku zare shi sama, ku zare robar. A nan ku lura ƙwarai. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar rabin wata, ƙarami, maƙale jikin dogon ƙarfen. Shi ke kama robar. In ya ɓace, ko sabuwar roba kuka sa, ba za ta juya ba.

Ku ƙidaya fukafukan tsohuwar. In wani ya karye, ku nemi guntun har ku same shi. In ya tafi cikin bututu, zai toshe hanyar ruwa, aikinku ya zama banza. Ku shafa yatsa cikin kofin ƙarfen da robar ke zama, da farantin da ke ƙarƙashinta. In yashi ya yi musu zane mai zurfi, su ma a canza, tare da takardar da ke hana yoyo. Wajen saye, ku rubuta lambar injinku ku tafi da ita, ko ku riƙe tsohuwar robar. Ta inji mai ƙarfin doki 15 ba ɗaya take da ta doki 40 ba.

Ku shafa wa sabuwar ɗan ruwan sabulu. Kuna danna gidan famfo ƙasa, kuna juya dogon ƙarfen yadda hannun agogo ke tafiya. Da haka fukafukan za su lanƙwashe ta inda ya dace. Ku ɗaure notoci sannu, kowane kaɗan kaɗan. Ku shafa giris jikin haƙoran dogon ƙarfen, ban da bisa kansa. Wajen mai da ƙafa, ku tabbata bututun ruwa ya shiga bakin famfo, kuma giya na shiga gaba da baya.

Ku gwada cikin kogi, ko cikin tano cike da ruwa har ya rufe famfon. Fitsari ya kamata ya fito da ƙarfi nan da nan. Ku rubuta ranar a littafinku. A ruwa mai yashi irin namu, ya kamata a buɗe famfo sau ɗaya a shekara, kuma a ajiye roba guda cikin jirgi.

In fitsari na zuwa amma inji bai daina zafi ba, mai yiwuwa tarmosta ce ta kafe. Ita ce ƴar ƙofar da ke kan inji, wadda ke buɗe wa ruwa hanya in ƙarfe ya ɗumama. Ko kuma laka ta cika hanyoyin ruwa na ciki. Wannan aikin makaniki ne, ku kai masa.