Malamin Tuƙin Gudu: Aikinsa da Harshen da Yake Aiki da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san cewa matasa na son gudu da mota. Ranar ɗaurin aure ko ranar kammala jarrabawa za ka ga yaro ya ɗauko motar gidansu yana juyi da ita a kan kwalta, tayoyi na ƙara, abokai na yi masa tafi. Wannan shi ake kira wasan mota, kuma sau da yawa yakan ƙare a asibiti ko a maƙabarta. To, a wasu ƙasashe akwai wata sana'a da aka gina a kan irin wannan sha'awa, wato koyar da tuƙin gudu a filin tsere. Wannan muƙala za ta yi bayanin ko wane ne malamin tuƙin gudu, da abin da yake koyarwa, da kuma abin da ya shafe mu mu ɗaliban harshe a cikin aikinsa.

Ranar Buɗe Fili

Filin tseren mota hanya ce ta kwalta da aka kewaye, wadda farkonta ya haɗu da ƙarshenta. Babu mai tafiya a ƙasa, babu dabba, babu motar da ke tahowa daga gaba. Daga cikin fitattu akwai Silverstone a Ingila, wanda tsohon filin jirgin saman Yaƙin Duniya na Biyu ne, da Nürburgring a Jamus da aka buɗe a 1927, da Kyalami a Afirka ta Kudu. A ranakun da ba a gasa, akan buɗe irin waɗannan filaye ga jama'a. Mutum zai biya kuɗi, ya zo da motarsa ta hawa, a duba birki da tayoyi, ya sa hular kwano, ya shiga ya yi gudu.

Ba gasa ake yi a wannan rana ba. Ana raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon gwanintarsu, kuma sabon shiga ba ya wuce wani sai a miƙaƙƙiyar hanya, bayan na gaba ya ba shi alama. Ma'aikatan fili suna magana da direbobi ta hanyar tutoci: mai ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ja na nufin an dakatar da zagayen, shuɗiya na nufin wani na bayanka ya fi ka gudu, baƙa kuwa kiran direba ne ya fito daga fili.

A Nijeriya irin wannan fili bai yawaita ba. An gina ɗaya a Evbuobanosa ta Jihar Edo. A ƙasar Hausa tseren da aka fi sani shi ne na bikin kamun kifi na Argungu, sai kuma tseren Faris zuwa Dakar da ya ratsa Agadas ta Nijar tun karonsa na farko a 1979, kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Wane Ne Malamin?

Yawancin masu wannan aiki ba shi ne sana'arsu ta kullum ba. Wani makaniki ne, wani ma'aikacin ofis, wani tsohon ɗan tsere. Ranar Asabar ko Lahadi suke zuwa fili. Wasu ana biyan su kuɗin yini, wasu kuma, musamman a ƙungiyoyin masu motoci na Amurka, ladarsu ita ce a bar su su yi nasu gudun kyauta.

Malamin yakan zauna a kujerar gaba kusa da ɗalibinsa. A nan ya bambanta da malamin makarantar koyon mota, domin motar makaranta takan kasance da birki na biyu a gefen malami, amma motar ɗalibi a filin tsere ba ta da shi. Ke nan malamin ya ba da ransa amana ga mutumin da bai taɓa gani ba sai da safiyar ranar, kuma ba shi da abin tsayar da motar sai bakinsa da alamar hannunsa.

Abin da Yake Koyarwa

Abu na farko shi ne kallo. Sabon direba yakan zuba ido a kan hancin motarsa, alhali motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Saboda haka malami zai ta nanata masa ya ɗaga ido ya dubi inda yake son zuwa, domin hannu yana bin ido ne. Wanda ya ƙura wa bishiya ido lokacin da mota ta ƙwace, bishiyar zai tunkara.

Abu na biyu shi ne birki. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa yakan ninka sau huɗu. A busasshiyar kwalta, motar da ke kilomita 50 a awa tana buƙatar kimanin mita 14 daga taka birki zuwa tsayawa, amma a kilomita 100 sai ta ci kimanin mita 56, ban da mita 28 da ta riga ta ci idan direba ya yi daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birkin.

Abu na uku shi ne riƙon taya. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, kuma da wannan ɗan wuri ake birki, da shi ake juyawa. Idan birki ya cinye riƙon gaba ɗaya, babu sauran na juyawa. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya gama rage gudu tun mota na miƙe, sannan ya karya kwana, ya ƙara wuta a hankali yayin da yake miƙe sitiyari. Idan tayoyin gaba suka rasa riƙo, mota za ta ƙi juyawa ta miƙe waje. Maganinsa a sassauta totur. Idan na baya ne, bayan motar zai zame gefe, sai direba ya juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa. Wannan zamewa ita ce masu wasan mota ke jawowa da gangan a tsakiyar mutane.

Harshen Cikin Mota

A nan ne aikin ya shafe mu. Malami ba shi da lokacin doguwar jimla, sai umarni mai gaɓa biyu ko uku, kuma dole kalmar ta kasance mai ma'ana ɗaya tak. Bari mu gwada da Hausa.

Kalmar "taka" tana da haɗari, domin ana taka birki, ana kuma taka totur, har direbobi kan ce "taka ta" suna nufin ƙara gudu. Malami mai hankali sai ya bar aikatau ya kira sunan abin: "Birki!" ko "Wuta!"

Haka nan "sake shi". Idan wasalin farko gajere ne, ma'anarsa a cire ƙafa daga birkin. Idan dogo ne, ma'anarsa a maimaita. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci, kuma cikin rurin inji kunne ma ba zai kama shi ba. A gari kamar Maiduguri, inda Kanuri da Shuwa da Babur da Margi ke haɗuwa a kan Hausa a matsayin harshe na biyu, tsawon wasali da karin sauti su ne abin da ya fi saurin ɓacewa. Gara a ce "Ɗaga ƙafa!" da "Ƙara!", waɗanda ba su yi kama da juna ba.

Amsa-kama ma tana da amfani ainun. "Cak" ta fi "ka tsaya gaba ɗaya" saurin isa kunne, "sannu-sannu" kuma tana nuna yadda ake son ƙafa ta sauka. Sannan umarnin yi ya fi umarnin hani: wanda aka ce masa "kada ka dubi katanga" katangar zai duba, amma "dubi hagu" ta ba shi abin yi.

Yawancin kalmomin mota aro ne daga Ingilishi: birki, giya, kuloci, sitiyari, taya, ribas, kwana. Wasu sun zo sun tarar da sosai-sosai irinsu a rubuce, kamar giyar mota da giyar sha, ko kwanar hanya da kwanan barci. Amma har yanzu babu tsayayyiyar kalma ɗaya ta zamewar gaba ko zamewar baya. Wannan aiki ne da ke jiran masu nazarin ƙirƙirar kalmomi.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ce ta fi asara. A gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, da 100 a babbar hanya mai tagwayen layi. Titin Bama da ke wucewa ta ƙofar jami'armu cike yake da Keke Napep da ɗalibai masu tsallakawa, ga yashi a gefen kwalta wanda ke rage riƙon taya. Babu tuta, babu malami a gefe.

Shawara a nan biyu ce. Ga mahukunta da masu hali, a samar wa matasa kewayayyen fili da ƙwararrun malamai, tunda hani kaɗai bai kashe sha'awar ba. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, mu shiga tashoshin mota da garejoji mu tattara kalmomin direbobi da makanikai, mu tace su, domin malamin da zai koyar da Hausa ya sami abin faɗa. Kafin nan, masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Allah Ya kiyaye hanya.