Yadda Fata Ke Kare Kanta a Ƙurar Arlit

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin mutum, kuma tana cikin garkuwar jiki. Samanta matattun ƙwayoyin halitta ne jere a kan juna. A ƙarƙashinsu akwai rayayyu da ake kira keratinosayit, su ne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin fatar sama.

A Arlit, garin da aka kafa a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom, wannan shimfiɗa ta matattun ƙwayoyi tana da amfani na musamman. Tururin alfa da yuraniyom ke fitarwa ba ya iya ratsa ta. Haɗarinsa yana zuwa ne in an shaƙi ƙurar, ko an haɗiye ta, ko ta samu rauni ta shiga. Shi ya sa faso da kaushin hunturu ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR, ko mazaunin Akokan inda kamfanin COMINAK ya rufe a 2021 ya bar tulin dusar ma'adini.

Da fata ta tsage, keratinosayit ne ke fara yekuwa. Suna sakin sinadaran saƙo irin su intalukin-1, da wasu da ke kashe ƙwayoyin cuta nan take. Wasu ƙwayoyin da ke can ƙasa kuma su zubo histamin, sai jijiyoyin jini su buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su kwararo wurin. Ja da zafi da kumburi da raɗaɗi duk daga nan suke, kodayake a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai wurin ya yi duhu. Mugunya kuwa gawarwakin fararen ƙwayoyin ne.

Akwai kuma ƙwayoyin Langahans, waɗanda Paul Langerhans ya gano a Balin a 1868. Su ke ɗaukar guntun abin da ya shigo su kai shi curin da ke hammata ko matsematsi, don jiki ya shaida shi. Ƙaluluwar da ke tasowa bayan ciwon ƙafa alamar wannan aiki ce. Rana mai tsanani tana rage yawan ƙwayoyin Langahans a fata.

In ƙura da sabulu mai kaifi suka ci gaba da cin fata, yekuwar ba ta tsayawa, sai kumburi ya zama ƙaiƙayi mai daɗewa, susa kuma ta ƙara buɗe ƙofa. Wanke ƙura da shafa man kaɗanya suna taimaka wa shimfiɗar sama ta haɗe.