Maganin da Ya Gama Aikinsa: Nazari kan Majinyatan Boɗinga da Shagari Bayan Sallama

Tun daga shekarar 2023, lokacin da farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo a Nijeriya, hankalin jama'a ya karkata ga wanda ya kasa sayen magani, aka manta da wanda yake ta sayen maganin da tuni ya gama aikinsa, alhali wannan na biyun yana asarar kuɗi da lafiya a lokaci guda. Lamarin ya fi tsanani ga waɗanda suka fito daga sashen kulawa ta musamman, wato inda ake kwantar da majinyacin da ke rai kwakwai mutu kwakwai. Mutanen Boɗinga da Shagari sai sun je birnin Sakkwato, galibi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kafin su sami irin wannan kulawa, kuma tushen matsalar yana cikin takardar da suke komawa gida da ita.

A wannan sashe ana ba da magunguna da dama don dalilin da ba ya wuce kwanaki. Omefirazol, mai rage tsamin ciki, ana ba wanda aka sa wa na'urar numfashi don kada gyambon ciki ya kama shi, kuma da zarar an cire na'urar ya fara cin abinci, dalilin ya kau ga mafi yawan majinyata. Fenitoyin ana ba wanda ya bugu a ka, kamar masu haɗarin babur a hanyar Sakkwato zuwa Jega, don kare shi daga jijjiga, kuma binciken da aka wallafa a Amurka a 1990 ya nuna kariyar ba ta wuce makon farko. Haka halofiridol, wanda ake bayarwa saboda ruɗewa da sambatu na wucin gadi. Sai dai idan aka mayar da majinyaci babban ɗaki, likitan da ya karɓe shi yakan kwafe jerin magungunan yadda ya same su, domin ba shi ya fara su ba, yana kuma shakkar tsayar da abin da na gaba da shi ya rubuta, har jerin ya shiga takardar sallama ba tare da dalili ko ranar dainawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gane wannan giɓi tun 2017, inda ta sa sauyin hannu tsakanin masu kulawa cikin abubuwa uku da shirinta na rage cutarwar magani ya fi mayar da hankali a kansu.

Daga nan sai nisa ya ƙarasa ɓarnar. Iyalin da jinya ta cinye musu hatsi da dabbobi da wuya su sake biyan kuɗin mota don ganin likita ranar da aka ba su, don haka mai jinya yakan ɗauki kwalin da ya ƙare ya kai wa mai kemis ya ce a ba shi irinsa, wata bayan wata, da yaƙinin cewa wannan ƙwayar ce ta ceci ran ɗan'uwansa. Ma'aikacin lafiya na karkara kuwa, ganin tambarin babban asibiti a takardar, ba ya jin yana da hurumin taɓa ta.

Illar ba ƙarama ba ce. Daɗewa a kan omefirazol na ƙara haɗarin zawo mai tsanani da raunin ƙashi, halofiridol na sandarar da jiki ya kayar da tsoho, deksametason mai rage kumburi na ɗaga sikari da hawan jini, tiramadol kuwa kowa a Arewa ya san yadda yake zama jaraba.

Akwai masu ɗora laifin kan jahilcin majinyata ko kwaɗayin masu kemis, akwai kuma masu cewa dainawa da ka ya fi haɗari. Batu na ƙarshen yana da gaskiya, domin wanda ya daɗe a kan deksametason ko maganin farfaɗiya ba ya yanke shi lokaci guda, sai likita ya rage masa sannu a hankali. Amma wannan hujja ce ta a rubuta tsarin dainawa, ba ta wanke wanda ya bar takarda babu bayani ba, kuma majinyacin da ya ci gaba da sha biyayya ya yi ga abin da aka rubuta masa.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura. Kafin majinyaci ya bar sashen, likita da masanin harhaɗa magunguna su bi jerin ɗaya bayan ɗaya, su soke wanda dalilinsa ya wuce, su rubuta dalili da ranar dainawa a gaban kowane da ya rage, a kuma karanta wa mai jinya da Hausa. Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da shugabannin manyan asibitoci su mayar da wannan sharaɗin sallama, su kuma samar da layin waya da ma'aikacin lafiya a Boɗinga ko Shagari zai kira ya tambayi likita ko lokacin daina magani ya yi.