Kifin Ado a Ɗaki: Kafin Ka Jefa Karfasa Cikin Gilashi

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanakin baya wani ƙanena a nan Rurum Sabon Gari ya dawo daga bakin dam ɗin Tiga da 'ya'yan karfasa tara a cikin gora. Wai ya ga akwatin gilashi na kifi a TikTok, shi ma sai ya yi. Kwana uku, saura biyu. Ya ce baki ne. Na ce Malam, ba wanda ya yi maka baki, ruwan ne ya kashe su.

Abin da bai sani ba, karfasar nan da muke soyawa 'yar babban gida ce. Dangin nasu ana kiransu sikilid, sun haura nau'i 1,500, yawanci a Afirka da Kudancin Amurka. Masu launin shuɗi da rawaya da kuke gani a bidiyo, galibi daga tafkin Malawi suke. Kifaye ne masu wayo da kula da 'ya'ya: uwar karfasa a bakinta take ɗaukar ƙwai har su ƙyanƙyashe. Amma fa akwai su da faɗa. Kowa na son ya kafa iyakarsa, kamar masu rikicin gona.

Shi ya sa launi ba shi ne abin dubawa na farko ba. Tambayi mai sayarwa: in ya girma, ina zai kai? Wanda ake kira oska, za ka saye shi kamar ɗan yatsa, amma yana kai santimita 30, ya cinye duk wanda ya shiga bakinsa. Karfasa ma haka, ga tonon ƙasa, ga kashi da yawa. Gurbinta kududdufi ne, ba ɗaki ba. 'Yan Malawi kuwa sai babban akwati mai duwatsu, kuma ba a gwama su da na wani wuri.

Ni in za ka ji tawa, fara da kiribensis. Girmansa wajen santimita 10 ne, macen tana da jan ciki mai kyau, kuma yana da sauƙin hali sai lokacin ƙwai. Abin mamaki, asalinsa kogunan kudancin Najeriya ne da Kamaru, amma Turawa sun fi mu saninsa. Namiji ɗaya, mace ɗaya, a lita 80 zuwa 100, wato kamar jarka huɗu. Sa musu yashi da 'yar tukunyar ƙasa a kife, ka fasa mata ƙofa. Shi ke nan, kar ka ƙara.

Yanzu ga inda ƙanena ya faɗi. Kashin kifi yana fitar da guba mai suna amoniya. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin soson matatar ruwa suna karya wannan gubar, amma sai sun yi sati 4 zuwa 6 kafin su taru. Don haka ka cika akwatin, ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi, ka haƙura. Na san da wuya, mutum ya zauna yana kallon ruwa zalla, 'yan gida na yi masa dariya. Bayan kifin ya shigo, duk sati ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kuma kar ka wanke soson da sabulu.

Sai maganar wuta. In aka ɗauke ta, iska na ƙarewa a ruwan, musamman a zafin Afrilu. Nemi ɗan famfon iska mai batir ko sola tun kafin ka sayi kifin. Da hunturu kuma ruwa kan yi sanyi ƙasa da digiri 24 da suke so, sai ka matsar da akwatin daga taga ka rufe shi da dare.

Roƙo ɗaya: in ka gaji da kifin da ka sayo, kar ka kai shi Tiga ka saki. Masuntanmu da wannan ruwan suke ci. Ka ba wani.

Biyun nan na ƙanena suna nan da rai, mun mai da su babban baho a tsakar gida. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.