Ranar da Marubucin Wasiƙa Yake Ajiye Alƙalami

An kafa garin Arlit a 1969 cikin hamada, wajen kilomita 240 arewa da Agadas, domin haƙar ƙarfen uraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen a 1971, na COMINAK a Akokan kuwa a 1978. Aikin ya jawo leburori da ƴan kasuwa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, da Buzayen da farin 1973 ya raba da dabbobinsu. Da yawansu ba su yi lokol ba, ga iyali can nesa. Wannan ne ya ba marubucin wasiƙa abin yi.

A shekarun nan, ranakun aiki yana zaune kusa da gidan waya, da tebur da takarda da tambur. Ya rubuta wa wannan gaisuwa, ya cika wa wancan takardar aika kuɗi, ya tsara wa wani takardar neman aiki da Faransanci.

Ran Lahadi kuwa gidan waya a rufe yake, alƙalami ya huta. Da sanyin safiya yakan yi wanki, ya je kasuwa cefane, ko ya leƙa lambunan bakin gari ya sayo albasa da tumatir. In rana ta take sai ya shiga inuwa, domin zafin Arlit ba abin wasa ba ne. Bayan la'asar ya nufi majalisa, inda ake shan shayi kofi uku, ana sauraron rediyo.

To, jama'a masu karatu, a nan aikinsa mafi wuya yake. Duk waɗanda ke kewaye da butar shayin ya san cikinsu. Ya san mai bashi, ya san wanda ya aika wa matarsa takardar saki, ya san wanda ya faɗa wa iyayensa albashin da bai kai hakan ba. Hira ta yi daɗi, ana ta tsokanarsa, shi kuwa sai murmushi. In ya saki kalma guda, ran Litinin teburinsa ba kowa, wataƙila kuma aure ya mutu a wani ƙauye mai nisa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Zamani ya sake. Wayar salula ta rage wasiƙun gida, COMINAK kuma ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Amma takardar neman haƙƙi da ta fansho har yanzu sai an rubuta. Saboda haka wanda ya sauke karatun yaƙi da jahilci, in maƙwabci ya kawo masa takarda, ya tuna amana ce, ranar aiki da ranar hutu. Ma'aikacin gwamnati ma haka. Allah ya ba mu ikon riƙewa, amin.