Koyar Da Kimiyya A Firamare: Ɗakin Gwaji Yana Bakin Ƙofa

Ranar 29 ga watan Maris na shekarar 2006, da hantsi, rana ta yi husufi cikakke a sararin samaniyar Gusau. Gari ya yi duhu na 'yan mintoci, sa'an nan haske ya komo. Yaran da ke firamare a wannan rana yanzu magidanta ne da matan aure, amma da wuya a sami wanda ya manta da abin da idonsa ya gani. Abin tambaya shi ne, nawa ne daga cikinsu malaminsu ya ɗauko lemo da ƙwallo da tocila washegari, ya rufe tagogin aji, ya nuna musu yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya?

Galibin abin da ake kira darasin kimiyya a ƙananan azuzuwa bai wuce malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su maimaita da ƙarfi ba. Yaro yakan haddace cewa iri yana bukatar ruwa da iska da ɗumi kafin ya tsiro, alhali kuwa bai taɓa shuka ƙwayar wake a gwangwani ya zuba mata ido ba. In an tambayi dalili, amsar guda ce: babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Gaskiya ne babu su a yawancin makarantu. Sai dai kimiyyar ɗan shekara bakwai ba ta bukatar kwalabe daga Ingila.

Wannan ba sabuwar magana ba ce, kuma ba daga nesa ta taso ba. A birnin Kano ne, cikin shekarar 1965, masana ilmi daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila suka yi taron da ya haifi shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka. Manufarsu ita ce yaro ya taɓa da hannunsa, ya yi tambaya, ya nemi amsa daga abin da ke gabansa. Ɗaya daga cikin darussan da suka fi shahara a shirin ya tsaya ne kacokan a kan kurkudu, ƙwaron nan mai haƙa ɗan rami kamar mazurari cikin rairayi yana jiran tururuwa ta faɗa. Yara su ne za su gano me yake ci, ta yaya yake tafiya, kuma wace irin ƙasa ya fi so. A farkon shekarun 1970, lokacin da Gusau take cikin Jihar Arewa Maso Yamma, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida, inda masu horar da malamai suka riƙa bi makaranta makaranta. Da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa, sai alli da hadda suka sake karɓe fili.

Kurkudu dai yana nan a gindin katangar makaranta, ba a biya masa ko kwabo. Haka kuma sauran kayan.

A ɗauki Bungudu, wadda Gulbin Sakkwato ya ratsa ƙasarta bayan ya wuce Gusau. Malami yana iya sa yara su kawo yashin gulbi, da laka ta fadama, da ƙasar jigawa. A huda gindin gwangwanayen madara uku, a cika kowanne da irin ƙasa guda, a zuba ruwa kofi ɗaya ɗaya, yara su yi ta ƙirga har ruwan ya daina ɗiga. Yashi zai saki ruwansa nan da nan, laka kuwa ta riƙe. Daga nan ɗan manomi zai fahimci abin da ya sa mahaifinsa yake shuka shinkafa da rake a fadama, gero kuma a tudu. Ruwan gulbin kansa wani darasi ne. In ya yi jajir da damina, a zuba shi a kwalabe biyu, a bar ɗaya haka nan, a sa garin 'ya'yan zogale a ɗayar a girgiza. Kafin a tashi makaranta dattin ya kwanta a ƙasa. A nan ne malamin kirki zai ja kunne cewa ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka daga ƙwayoyin cuta ba, sai an tafasa shi.

Wannan jan kunne yana da nauyi a Zamfara fiye da wurare da yawa. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Ƙurar da ta kashe su ba ta bambanta da sauran ƙura a ido ba. Ba a ce darasin aji uku zai hana irin wannan masifa ba, amma al'ummar da ta saba tun ƙuruciya da cewa akwai abin da ido ba ya gani sai an gwada, ta fi saurin sauraron likita.

Darasin da ya fi burge yara kuwa a madafa yake. Ruwan zoɓo yana canza launi gwargwadon abin da aka zuba masa. A matsa masa lemon tsami ko ruwan tsamiya, sai ja ɗinsa ya ƙara haske. A jefa masa kanwa ko ruwan toka, sai ya rine ya koma duhu, ya karkata wajen shuɗi ko kore. Abin da ɗaliban sakandare ke yi da takardar gwaji mai tsada ke nan, watau rarrabe abu mai tsami da kishiyarsa. 'Yan mata sukan riga maza ganewa, domin sun sha ganin iyayensu mata suna karya tsamin miyar yakuwa da kanwa.

Randa ma haka. Me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi? Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Kada a rena wannan. Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya sami abin adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba. Wannan dabara ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Mutanen Tsafe da na Kwatarkwashi suna da duwatsu a bayan gida. Yaro yana iya dafa falalen dutse da safe, ya sake dafa shi da azahar, ya kwatanta da ƙasar da ke ƙarƙashin bishiya, ya kuma duba yadda dutse yake ɓarewa, da yadda saiwa take kutsawa cikin tsaga. Sai dai a nan dole a faɗi gaskiya. Tun bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, da rufe makarantun jihar da ya biyo bayan harin Maradun a watan Satumba na shekarar, iyaye ba sa sakin jiki da fita da yara bayan gari, kuma ba za a ga laifinsu ba. Dutsen da ba za a je masa ba, ana iya ɗauko ɓarayinsa a kawo aji.

Cikas mafi girma yana wajen malami. Wanda aka koya masa kimiyya da hadda, da hadda zai koyar. Yana kuma tsoron yaro ya yi masa tambayar da bai san amsarta ba, ga aji cike, ga hayaniyar da gwaji ke jawowa, wadda wani hedimasta yake ɗauka rashin ladabi ce. Kwalejin Ilmi ta Maru da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Gusau su ne masu yaye yawancin malaman da za su shiga waɗannan azuzuwa. Ya kamata a ce ba wanda zai karɓi takardar shaida sai ya yi irin waɗannan gwaje-gwaje da hannunsa, ya kuma iya bayyana su da Hausar da ɗan aji biyu zai gane. Gwamnatin jihar ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a shekarar 2023, aka duƙufa gyaran gine-gine. Gyara yana da kyau, amma sufetan da ya zo duba makaranta ya dace ya tambayi gwangwanin wake, ba littafin shirya darasi kaɗai ba.

Akwai gwaji ɗaya da kowace makaranta za ta iya somawa gobe. A kafa sanda miƙe a tsakar fili, yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta kowace sa'a. Za su ga inuwa tana gajarcewa har tsakar rana, sa'an nan ta soma tsawo ta gabas, watau zawalin da liman yake dubawa kafin sallar azahar. Da yake Gusau tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kai, wajen 22 ga Afrilu da kuma wajen 21 ga Agusta. A waɗannan ranaku, da tsakar rana, inuwar sandar takan shige gindinta ta ɓace. Tsakanin ranakun biyu inuwar tsakar rana kudu take fuskanta, sauran watanni kuwa arewa.