Yadda A Ke Ninka Jeri da Jeri

Sa'ad da na je koyon aikin malanta a wata makarantar firamare a Lau, bakin kogin Binuwai, na sa yara su ninka 111 sau 111. Suka sami 12321, suka yi ta mamakin yadda lambobin suka hau suka sauko. A ran nan ne na gane abin da ya daɗe yana ba ni tsoro cikin kalkulas, watau ninka jeri biyu marasa iyaka. Ashe aikin yaran nan ne, riga kawai ya sake.

Ku duba, 'yan'uwa. 111 shi ne 1 + x + x², in x goma ne. Gidan ɗaya, gidan goma, gidan ɗari. To, a bar jerin ya yi ta tafiya, 1 + x + x² + x³ + …, wanda shi ne 1/(1 − x). A ninka shi da kansa. Me zai faɗa gidan x²? Hanya uku ce: 1 sau x², da x sau x, da x² sau 1. Saboda haka amsa ita ce 1 + 2x + 3x² + 4x³ + … Dokar ke nan duka: a kowane gida, a tara dukan biyu-biyun da ƙarfinsu in an haɗa ya kai na gidan.

Haka kuma eˣ sau sin x. Na fari 1 + x + x²/2 + …, na biyu x − x³/6 + … A gidan x³ akwai 1/2 da −1/6, watau 1/3. Amsa ta soma da x + x² + x³/3. Wanda ya ce sai ya bi ta difarenshiyeshan sau uku, lalle ya sayi wahala da kuɗinsa.

Amma fa a yi hattara. Cauchy, wani Bafaranshe, ya tsara dokar nan a littafinsa na 1821, ya kuma nuna tana da iyaka. Jerinmu na fari ba ya aiki sai x na tsakanin −1 da 1. A sa 2, 1/(1 − 2)² ɗaya ne tak, jerin kuwa 1 + 4 + 12 + … ya yi ta ƙaruwa ba tsayawa.

A sa 1/10 kuwa, sai a sami 1.2345679… Ina 8 ta shiga? Goman da ke can gaba ce ta miƙa ɗaya ga 9, ita kuma ta cika goma ta miƙa wa 8. Ku gwada da alli ku gani.